Farar ƙasa a ruwa mai tsami: me take yi wa kwaɗi?

Wasiƙun wannan wata sun taru a kan abu guda, shi ya sa muka haɗa su wuri ɗaya. Mun taƙaita tambayoyin, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya daga wani malamin kimiyya a wata sakandaren ƙauye, yankin Birnin Kudu: Na karanta cewa a Turai da Amurka ana zuba dutsen farar ƙasa a rafukan da ruwan sama mai asid ya lalata. Ɗalibaina sun tambaye ni ko hakan yana dawo da kwaɗi, na rasa amsa. Mu ma kukan kwaɗi ya ragu a ƙoramar bayan makaranta. Ko mu gwada?

Malam, Allah ya ƙara basira. Yana dawo da su a wasu wurare, a wasu kuma ɓarna yake yi musu, kuma abin da ke raba biyun sananne ne.

Ma'aunin tsamin ruwa, wanda ake kira pH, yana tashi daga 0 zuwa 14, 7 ce tsakiya. Ƙasa da 7 ɓangaren tsamiya ne, sama da 7 ɓangaren kanwa. Kowane mataki ɗaya ninki goma ne: ruwan da ke kan 5 ya ninka mai 6 tsami sau goma, ya ninka mai 7 sau ɗari. Ruwan sama mai tsabta ma ba ya kai 7, yana wajen 5.6 ne saboda iskar kabon da yake sha a hanyarsa ta saukowa. Abin da ya faru a arewacin Turai da gabashin Amurka shi ne hayaƙin kwal da na man fetur ya cika sama da sinadarin farar wuta, ruwan sama ya sauka zuwa wajen 4, kuma ya faɗi a kan ƙasa mai duwatsun da ba su da alli ko kaɗan da zai kashe tsamin. A 1967 masanin ƙasar Suwidin Svante Odén ya ja hankalin duniya ga lamarin. Daga 1977 Suwidin ta fara zuba garin dutsen a tafkuna da rafuka da kuɗin gwamnati, har aikin ya kai kusan tan 200,000 a shekara lokacin da ya fi ƙarfi. Amma ka lura, don kifi aka yi shi. Kwaɗo ɗan rakiya ne a cikin lissafin.

Tsami ba babban kwaɗo yake fara kashewa ba, ƙwai yake kamawa. Kowane ƙwan kwaɗo yana cikin wata 'yar jaka mai yauƙi. Yayin da ɗan tayin ke girma, jakar tana shan ruwa tana buɗewa, sannan in lokacin fita ya yi ɗan yana fitar da wani sinadari da ke narkar da bangonta. A ruwa mai tsami sosai jakar ba ta buɗewa, sinadarin kuma ba ya aiki. Sai ka ga ɗan ya naɗe a ciki kamar gammo, yana motsi amma ba mafita, har ya mutu. Wanda ya samu ya fito, sau da yawa da karkataccen baya yake fitowa. Ƙwan da ya raunana kuma farar fumfuna takan rufe shi kamar an yafa masa auduga, ta bi ta kama na kusa da shi. A yawancin nau'o'in da aka gwada, mutuwar ƙwai tana tsananta ne tsakanin pH 3.5 da 4.5, amma akwai masu rauni da ke fara asara tun kafin nan. A 1976 Harvey Pough ya duba ƙwan wata irin salamanda a kududdufan jihar Niyok: inda ruwan ke kusa da 7 asarar ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba, inda ya sauka ƙasa da 6 ta haura kashi 60. Salamanda dangin kwaɗo ce mai siffar ƙadangare da laushin fata, babu ita a ƙasashenmu na kudu da Sahara, don haka kada ɗalibai su je nemanta a ƙorama.

Bayan ƙyanƙyashewa kuma wata matsalar ce. Talibambam, wato ɗan kwaɗo mai jela, ta fata da sassan numfashinsa yake riƙe gishirin jikinsa. Tsami yana sa gishirin ya riƙa yoyo zuwa cikin ruwa fiye da yadda yake iya mayarwa. Ga kuma alminiyom, wanda ke kwance lafiya a cikin kowace ƙasa, amma tsami ya narkar da shi ya shigo ruwa ya zama guba. Garin dutsen farar ƙasa yana taɓa duk waɗannan a lokaci ɗaya: yana ɗaga pH, yana sa alminiyom ya kwanta, sannan sinadarin kalsiyom da ke cikinsa yana toshe kafofin da gishirin ke bi.

Inda ruwan tsaye ne, kuma an tabbatar tsami ne ke kisa, an ga amfani ƙarara. A Holan, a ƙarshen shekarun 1980, an zuba garin a wasu ƙananan tafkunan daji masu tsami, fumfunar da ke cinye kusan duk ƙwan wani kwaɗon fadama ta ragu ƙwarai. A dajin Woolmer da ke kudancin Ingila, wani kwaɗo mai rawayar zane a gadon baya ya kusa ƙarewa saboda tafkunansa sun yi tsami. Da zuba garin kaɗan-kaɗan da kwashe laka mai tsami daga ƙasan tafki aka riƙe shi.

Rafi mai gudu shi ne mai wuyar sha'ani, kuma nan ne muke so ka tsaya da ɗalibanka. Abu na farko, kifi. Ruwan da tsami ya kore wa kifi yakan zama mafaka ga 'ya'yan kwaɗin da ke da juriyar tsami, domin babu mai cin su. Ranar da aka gyara ruwan kifi ya dawo, ko aka zubo shi da gangan, su ne abincinsa na farko. Sai a wayi gari ma'auni yana cewa ruwa ya gyaru, kwaɗi kuma sun ragu. Na biyu, mahaɗar ruwa. Inda wata ƙaramar ƙorama mai tsami ta faɗo cikin rafin da aka zuba wa gari, alminiyom ɗin da ta ɗauko yana fara daskarewa nan take, kuma a 'yan daƙiƙun nan da yake sauya kama yana manne wa sassan numfashin duk abin da ke wurin. Masana a Norwe sun nuna cewa irin wannan mahaɗa tana iya fin ruwan mai tsamin kansa kashe kifi, kuma talibambam ma da irin waɗannan sassa yake numfashi. Na uku, yashin dutsen da ake jibgewa a bakin rafi yana cike ramukan da ke tsakanin duwatsu a ƙasan wurin, alhali nan ne maɓoyar 'ya'yan salamanda da ƙwarin da suke ci.

Akwai kuma ruwan da tsaminsa halitta ce, ba ɓarnar kowa ba. A ƙarshen kudancin Afirka ta Kudu, kusa da birnin Kef, akwai tafkuna masu ruwa baƙi kamar shayi saboda ganyen da ke ruɓewa a ciki. Wani ƙaramin kwaɗon ruwa da ba a samun sa ko'ina a duniya sai can yana haihuwa a cikinsu har a pH da ke ƙasa da 4. Ɗan'uwansa babba, wanda ya cika ƙasar, ƙwansa ba ya jure wannan tsamin. Duk inda aikin ɗan'adam ya rage tsamin ruwan, babban yakan shigo ya cinye 'ya'yan ƙaramin, ya kuma yi barbara da shi har irin ya gauraye. Wanda ya zuba farar ƙasa a irin wannan tafki da niyyar taimako, garin neman gira ya rasa ido.

Game da ƙoramarku, kada ku zuba komai tukuna. Karanta amsar da ke biye, ka sa ɗalibai su yi awon, shi kansa darasi ne mai kyau.

Tambaya daga wani manomin shinkafa, yankin Kura: An ce takin zamani yana sa ƙasa ta yi tsami. Shin shi ne ya kashe mana kwaɗin fadama? Ta yaya zan gane ruwanmu ya yi tsami ba tare da na je jami'a ba?

Alhaji, gaskiya ne taki yana tsamama ƙasa, musamman irin tamu mai yashi. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin, kuma tsamin da yake bari a ƙasa yana bukatar kusan kilo 40 na garin dutsen farar ƙasa kafin ya mutu. Takin salfa ya fi haka nesa, kusan ninki uku a kan kowane kilo na naitirojin. Amma tsamin ƙasar gona daban, tsamin ruwan fadama daban. A Kano da Jigawa yawancin ruwa yana kusa da 7 ne ko sama da haka. Ƙurar hunturu da ke taso mana daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi da sauran sassan Sahara tana ɗauke da alli, ita ce farar ƙasar da Allah ke zuba mana kyauta kowace shekara. Ƙasar da ake ambaliya da ruwa kamar ta shinkafa kuma takan matso kusa da 7 da kanta bayan 'yan makonni a ƙarƙashin ruwa. A filayen noman rani na Kadawa da kwarin Haɗejiya, abin da ya fi damun manoma shi ne kanwa da gishiri da ke fitowa fari-fari a saman ƙasa, wato kishiyar tsami. Zuba farar ƙasa a irin wannan wuri asarar kuɗi ce.

Awon ba wuya. Masu sayar da kayan kiwon kifi suna da takardar awon pH mai sauya launi, da kuma ƙaramar na'ura mai kamar alƙalami. In takarda ce, nemi wadda ke nuna rabin mataki, kada ka taɓa bakinta da yatsa, ka ajiye ta a busasshiyar kwalba mai murfi domin laima tana ɓata ta. In na'ura ce, sai an riƙa daidaita ta da ruwan gwaji mai 7 da mai 4 da ake sayarwa tare da ita. Na'urar da ba a daidaita ba ta fi takarda yin ƙarya. Ɗebi ruwan a kofin roba mai tsabta, ka ɗauraye shi sau uku da ruwan wurin, daga zurfin kamu ɗaya, ba daga saman da kumfa ke kwance ba.

Ka auna sau biyu a rana ɗaya, da asuba kafin rana ta fito da kuma bayan la'asar. Gansakuka da ciyawar ruwa suna shanye iskar kabon da rana, sai pH ya hau; da dare su sake ta, ya sauko. A tafki mai kore sosai bambancin yakan kai mataki ɗaya ko biyu, kuma na asuba shi ne mafi ƙasa. Sannan ka sake aunawa washegarin babban ruwan farko na damina, domin shi ne ke wanko duk abin da ya taru a ƙasa tun rani, kuma daidai lokacin ne kwaɗi ke zuba ƙwai. A Turai narkewar ƙanƙara ce ke kawo wannan bugun tsami na 'yan kwanaki. A wurinmu ruwan farko ne ya kamata a sa wa ido. In duk awon nan bai sauka ƙasa da 6 ba, tsami ba shi da laifi. Tsakanin 5 da 6, ci gaba da aunawa. Ƙasa da 5 sau da yawa, to akwai magana.

Ga malamin Birnin Kudu: jiƙa zoɓo a ruwan zafi, ka raba a kofi uku. Ɗiga lemon tsami a ɗaya, ya ƙara ja. Jefa ƙwayar kanwa a na biyu, ya juye ya yi duhu ya koma kore-kore. Ba zai ba ka lamba ba, amma yaro ba zai manta da ma'anar pH ba bayan ya gani.

In ba tsami ba ne, mene ne? A fadamar shinkafa mu abin da za mu fara tuhuma shi ne maganin feshi. Kwaɗo ta fata yake shan ruwa, ta fata kuma yake wani ɓangare na numfashinsa, ba shi da ɓawo ba shi da gashi. Wasu magungunan kashe ciyawa, sabulun da ake gauraya su da shi don su kama ganye ya fi maganin kansa illa ga talibambam. Wanke tankin feshi a bakin magudana, ko jefa kwalbar da ta ƙare a ruwa, yana iya share ƙyanƙyasar wuri guda a dare ɗaya. Ka wanke tankinka a tudu, nesa da ruwa, ka zubar da ɗaurayar a cikin gonar da ka fesa. Kwaɗin nan ma'aikatanka ne, ƙwarin shinkafa suke ci dare da rana ba ka biyan su ko sisi.

Tambaya daga wata mai kiwon tarwaɗa a tafkin ƙasa, yankin Ringim: Kafin na zuba 'ya'yan kifi na barbaɗa farar ƙasa kamar yadda aka koya mini. Da gari ya waye na tarar da kwaɗi a mace a gefen tafkin, fatarsu kamar an ƙona. Ba a ce tana taimakon su ba?

Hajiya, sannu da wannan asara. Abin da ya faru shi ne suna ɗaya ake kiran abubuwa da yawa da shi a kasuwa, kuma ba aikinsu ɗaya ba. Akwai garin ɗanyen dutse, wanda aka niƙa kawai ba a gasa ba, irin dutsen da ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka ta Gombe don yin siminti. Shi ne ake nufi a duk bayanin da ke sama. Yana narkewa a hankali, kuma ko an cika shi ba ya kai ruwan tafki sama da wajen 8.3. Akwai gasasshen dutse, wanda in ruwa ya taɓa shi yake zafi yana tururi. Akwai kuma gasasshen da aka riga aka kashe da ruwa, wanda ake shafe bango da shi, majema kuma ke cire gashin fata da shi. Waɗannan biyun suna iya kai ruwa 12 da ɗoriya. Abin da ke tuge gashi daga fatar akuya, ki ƙiyasta abin da zai yi wa fatar kwaɗo. Alamun da kika bayyana nasu ne. Masu kiwon kifi suna amfani da su da gangan don kashe ƙwayoyin cuta da duk wani mai rai a busasshen tafki, kuma ko a nan sai an jira mako biyu ko fiye, an auna an ga pH ya sauko ƙasa da 8.5, kafin a zuba kifi.

Ga yadda za ki bambance. Ɗebi cokali ɗaya ki ɗiga masa lemon tsami. Garin ɗanyen dutse zai yi kumfa yana tsiyaya. Farar laka da ake haƙowa a rami, wadda ita ma farar ƙasa ake ce mata, ba za ta yi komai ba, kuma ba ta kashe tsami. Sannan ki dama wani cokalin a kofin ruwa, ki bari ya kwanta, ki tsoma takardar awo. In ta nuna 8 ko 9, ɗanyen dutse ne. In ta haura 11, gasasshe ne: ki sa safar hannu, ki kiyaye idonki, ki hana yara zuwa kusa. Ki yi gwajin biyu duka, domin gasasshen da ya daɗe a buɗe shi ma yakan yi ɗan kumfa.

Busasshen tafki ba kango ba ne. Kwaɗi suna laɓe a tsagogin laka, burduddugi yana binne a ƙasa yana jiran ruwa, gaiwa ma haka. Gasasshen gari yana bin tsagogin nan da ruwan farko. Kuma akwai hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, cewa wani mai magani ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da sa kwaɗo a magani, sai ya hana shi kashe shi. In kwaɗi suna damun ki da cin 'ya'yan kifi, kewaye tafkin da raga mai ƙananan ido, tsayin gwiwa ko fiye, a binne gindinta a ƙasa.

In awo ya nuna tafkinki yana da tsami da gaske, masu kiwon kifi sukan zuba tan 1 zuwa 2 na garin ɗanyen dutse a hekta, wato giram 100 zuwa 200 a kowace murabba'in mita. Tafki mai tsawon mita 20 da faɗin 15 zai ci kilo 30 zuwa 60 ke nan. Ruwan kansa kaɗan yake bukata. Lakar ƙasa ce ke shanye mafi yawa. Shawararmu ki fara da kwata ɗin wannan, ki barbaɗa ko'ina daidai a watan Maris ko Afrilu kafin ruwa ya sauka, ki auna bayan mako biyu da shigar ruwa, sannan ki ƙara in da bukata. Kada a zuba a kan ƙwai, ko na igiya irin na kwaɗon gida ko na shimfiɗa a saman ruwa. Garin yana manne wa yauƙin, kuma sauyin gaggawa shi kansa bugu ne.

Abu biyu kuma. Kada ki haɗa farar ƙasa da kashin kaji ko yuriya a mako ɗaya. Amoniya, wani sinadari da ke fitowa daga taki, ba ta cika illa ba a pH 7, inda ɓangarenta mai guba bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A 8 ya kai wajen kashi 5, a 9 ya haura kashi ɗaya cikin uku, kuma zafin ruwanmu yana ƙara shi. Na biyu, alif da ake jefawa a ruwa mai laka don ya kwanta, wanda wasu ke kira alam, gishirin alminiyom ne mai tsami. A randar gida ba laifi. A kududdufi ko tafki kuwa, zuba shi da yawa yana kawo daidai abubuwa biyun da ke kashe talibambam, tsami da alminiyom. A ƙauyukanmu wannan, da ruwan batir da ake zubarwa a kwata, sun fi ruwan sama kusa da zama sanadin tsami.

Tambaya daga wani matashi, yankin Doguwa: Akwai wani tsohon ramin haƙar ma'adinai da ruwa ke tsiyayowa daga cikinsa, duwatsun hanyar duk sun yi ja kamar tsatsa, ba kifi ba kwaɗo. Mun jera fararen duwatsu a ciki, da farko kamar an samu sauƙi, bayan wata biyu suka yi ja su ma, komai ya koma yadda yake.

Ɗan'uwa, wannan ita ce tambayar da farar ƙasa ke da gurbi a cikinta. Duwatsun yankin Riruwai, ban da kuza, suna ɗauke da ma'adinai masu farar wuta a jiki. Irin waɗannan in an fasa su iska da ruwa suka taɓa su, asid suke haifarwa, shi kuma ya narko da ƙarfe da sauran ma'adinai. Haka yake faruwa a tsofaffin ramukan kwal na Inugu da ke tsiyaya cikin kogin Ekulu. Amma jan dutse kaɗai ba hujja ba ne, ruwa mai ƙarfe yana iya yin ja ba tare da tsami ba. Auna tukuna. Kuma ku tabbatar fararen duwatsun naku suna kumfa da lemon tsami, don farin dutsen ƙanƙara da ya cika yankin ba ya kashe tsami.

In na gaske ne, abin da ya same su sulke ne. Da zarar ruwa mai narkakken ƙarfe ya taɓa dutsen, pH ya hau a daidai fuskarsa, ƙarfen ya daskare ya lulluɓe shi da tsatsa, ruwa ya daina kaiwa gare shi. Hanya ɗaya ita ce amfani da yashin dutsen maimakon manyan duwatsu: ana jibge shi a bakin rafi a wuri mai gangara, ambaliya tana ɗibarsa kaɗan-kaɗan, gogayyar ƙwayoyin tana kankare tsatsar. Jihar Bajiniya ta Yamma a Amurka ta daɗe tana haka a rafukanta na kan dutse, da lissafin kusan kilo 110 a shekara kan kowace hekta ta ƙasar da ke zubo wa rafin ruwa, ana ninkawa a shekarar farko. Sai dai wannan lissafin na tsamin ruwan sama ne, na rami ya fi shi ci. Hanya ta biyu ita ce a tare ruwan tun a bakin fitowarsa kafin ya sha iska, a bi da shi ta cikin rami mai tsawo cike da tsakuwar dutsen, a rufe da leda da yumɓu yadda iska ba za ta shiga ba, ruwan ya ɗauki kamar awa 15 a ciki. Ba iska, ƙarfe ba ya tsatsa. Wannan ba ta aiki in ruwan ya riga ya sha iska ko yana da alminiyom da yawa, domin zai toshe ramin, shi ya sa sai an kai samfurin ruwan ɗakin gwaji kafin a haƙa.

Ku san nauyin aikin tun yanzu. Ƙoramar da ke gudu da lita 10 a daƙiƙa tana wuce da lita 864,000 a rana. Don a narkar da miligiram 10 kacal a kowace lita ana bukatar kusan kilo 9 kullum, wato kusan tan ɗaya a kwana 120 na damina, in duk ya narke, kuma ba ya narkewa duka. Ranar da gari ya ƙare tsami ya dawo. Kwaɗin da suka dawo suka yi ƙwai saboda ruwa ya gyaru, su ne za su fara mutuwa. In ba za a iya ɗorewa ba, gara a sa ƙarfin a kan karkatar da ruwan sama daga shiga ramin da rufe tarin ɓaraguzan da yumɓu.

Duk hanyar da kuka bi, a haƙa ƙaramin tafki a ƙasan wurin don tsatsar ta kwanta kafin ruwan ya shiga babban rafi, a kuma rufe shi da raga. Ruwa ne tsaye mara kifi, kwaɗi za su so shi, alhali lakarsa cike take da ma'adinai. Kada a sha ruwan, kada a shayar da dabbobi, ko da pH ya kai 7, sai gwaji ya nuna babu dalma da makamantanta a ciki. Ku sanar da sashen kula da muhalli na ƙaramar hukuma kafin ku taɓa rafin da wasu ke amfani da shi a ƙasa.

Tambaya daga wata ma'aikaciyar lafiya a karkara, yankin Auyo: In an zuba farar ƙasa a kududdufin da yara ke wanka, akwai illa ga mutane?

'Yar'uwa, garin ɗanyen dutse ba ya ƙona fata. Abin lura shi ne katantanwar ruwa. Da kalsiyom take gina ɓawonta, kuma ruwa mai tsami mara alli ba ya karɓar ta sosai. A Turai dawowarta bayan zuba gari alama ce ta nasara. A kwarin Haɗejiya kuwa wasu daga cikin ƙananan katantanwar nan su ne ke ɗauke da tsutsar tsargiya, mai sa yara fitsarin jini. Don haka a kududdufin da ake wanka ko wanki, ko awo ya nuna ɗan tsami, mu ba mu ba da shawarar a zuba ba. In an riga an zuba, a riƙa ɗaga ganyen bado da kainuwa sau ɗaya a wata ana duba bayansu, nan suke maƙalewa, a kuma kai duk yaron da fitsarinsa ya sauya launi asibiti a gwada shi.